Iska a Ƙarƙashin Haƙarƙari: Abin da Hoto Ke Faɗa Bayan An Cire Ƙarin Tumbi ta Baki

Duk wanda ya bi Titin Zariya da hantsi, daga tashar motar Unguwa Uku zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, da wuya ya kai ƙarshen tafiyarsa bai ga wani riƙe da babbar ambulan mai ɗauke da hoton asibiti ba. Wani ya fito ne daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wani kuwa daga ɗaya daga cikin ɗakunan ɗaukar hoto masu zaman kansu da suka yawaita a kewayen. Ba safai ake rasa mai zaro baƙar ledar nan ba, ya ɗaga ta sama wajen hasken rana, 'yan'uwa sun kewaye shi kowa na leƙawa, kamar dai cutar za ta fito ta gabatar da kanta. Tun da asibitin, wanda aka kafa a 1988, ya tare a mazauninsa na dindindin a wannan yanki cikin shekarun 1990, jama'ar Tarauni da ma na nesa suka saba da hoto, har suka ba shi amana mai yawa. Hausawa na cewa gani ya kori ji. To amma akwai wani fanni na aikin likita da idan gani ya kori ji a cikinsa, mai jinya ne zai kwana a ciki.

Fannin shi ne cire ƙari daga tumbin ɗan Adam ta hanyar na'urar leƙen ciki, wadda likitoci ke kira endoskof. Siririn bututu ne mai lanƙwasuwa, kaurinsa bai wuce na ɗan yatsa ba, da fitila da kyamara a bakinsa, ana zura shi ta baki ya bi hanyar abinci har tumbi. Sanin kowa ne cewa mutanen Kano masu hali kan tafi Masar ko Indiya ko Dubai neman magani, kuma daga cikin ayyukan da ake yi a manyan asibitocin waɗannan ƙasashe har da wannan. Mutum zai dawo gida cikinsa sumul, babu tsaga, babu ɗinki, babu bandeji. Masu zuwa barka da sauka su ce, ai Alhaji ba tiyata aka yi masa ba, leƙawa kawai aka yi aka ɗebe abin. Wannan magana ita ce mafarin haɗari, domin kuwa tiyata aka yi, sai dai raunin yana inda ido ba ya kaiwa.

Domin mai karatu ya fahimci irin raunin, wajibi ne a ɗan waiwayi ƙirar bangon tumbi. Bangon nan bai fi 'yan milimita kauri ba, amma hawa huɗu ne. Na ciki shi ne tantani mai yauƙi wanda abinci ke taɓawa, shi ke fitar da ruwan tsami mai narkar da abinci, kuma daga gare shi ne yawancin sankarar tumbi kan fara. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai laushi, cike da jijiyoyin jini. Sai hawa na uku, wato tsokar da ke murɗa abinci, sannan wani siririn mayafi daga waje. Matuƙar sankara ba ta wuce tantanin ciki ba, da wuya ta kai ga kaluluwar da ke kewaye da tumbi. Wannan ne abin da Takuji Gotoda da abokan aikinsa suka tabbatar a shekarar 2000, bayan nazarin bayanan mutum 5,265 da aka yi wa tiyatar sankarar tumbi ta matakin farko a Tokiyo. Ma'anar binciken ita ce, a irin wannan mataki ba dole ne a yanke tumbi ba. Ana iya feɗe wurin da ya lalace kaɗai.

Kalmar fiɗa ba a yi kuskuren zaɓenta ba. Wanda ya taɓa tsayawa wajen mahauta a 'Yan Awaki ya ga yadda gwani kan ɗan tsaga ƙafar akuya ya hura iska, fatar ta rabu da nama, sannan ya bi da wuƙa a hankali. Haka likita ke yi, sai dai shi ruwa yake tsirawa da allura a sashen nan mai laushi, ƙarin ya taso kamar tudu, sannan ya kewaye shi da wata 'yar wuƙar lantarki, ya dinga shiga ƙarƙashinsa har ya ɗago shi ɗungurungum. Jafanawa ne suka ƙware a wannan sana'a. Su suka ƙera kyamarar tumbi a 1950 tare da kamfanin Olympus, kafin Basil Hirschowitz ya fito da bututun zaren gilashi a Amurka a 1957. A 1984 suka fara yanke tantani da zarge, a ƙarshen shekarun 1990 kuma aka ƙirƙiro wuƙa mai ɗan dunƙulen tangaram a baki a Cibiyar Sankara ta Ƙasa da ke Tokiyo, har inshorar lafiyar ƙasar ta amince da aikin a 2006. Mahauci ya san cewa fata mai huji ta faɗi a kasuwa. Shi kuwa likita, hujin da yake tsoro yana cikin bangon da ya raba ruwan tsami da ƙwayoyin cuta daga sauran kayan ciki.

Ko da aikin ya yi kyau ƙwarai, abin da ake bari a baya gyambo ne na gaske, wani lokaci faɗinsa ya kai santimita huɗu ko biyar, tsoka a fili, ruwan tsami na zuba a kai. Yakan ɗauki kimanin mako takwas kafin ya warke, shi ya sa ake ɗora mai jinya a kan maganin rage tsamin ciki na tsawon wannan lokaci. Duk matsalolin da ake gani a hoto daga wannan gyambo suke tasowa, ko kuma daga iskar da aka hura domin tumbin ya buɗe a samu wurin aiki.

A fara da iska, domin ita ce uwar rikici. Tun zamanin da hoton eksire ya shiga asibitoci, bayan da Wilhelm Röntgen ya gano haskensa a Jamus a 1895, ɗaliban likita ke haddace wata ƙa'ida guda: idan aka ɗauki hoton ƙirji mutum na tsaye, aka ga wani baƙin layi mai kama da jinjirin wata a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, musamman ta dama a saman hanta, to iska ta fita daga inda ya kamata ta zauna. Iska ba ta da nauyi, sama take yi, shi ya sa take taruwa a nan. Kuma a ƙa'idar gargajiya, iska a wannan wuri na nufin tumbi ko hanji ya huje, sai a shirya ɗakin tiyata ba da ɓata lokaci ba. Ƙa'idar nan ta ceci rayuka masu yawa a ƙasar Hausa, inda hujewar hanji sakamakon taifot da fashewar gyambon ciki ba baƙin abu ba ne ga likitocin fiɗa. Babu mai hankalin da zai ce a yi watsi da ita.

Sai dai ga wanda aka feɗe wa ƙari kwana ɗaya ko biyu da suka wuce, lissafin ya sha bamban. Akwai na'urar da ta fi eksire kaifin gani, wato siti-sikan, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera, aka fara gwada ta a kan mai jinya a Landan a 1971. Ita tana yanka jiki ne fallen-fallen a hoto, tana kuma iya ganin ɗigon iskar da bai kai ƙwayar gero ba. Da masu bincike a Jafan suka ɗauki irin wannan hoto ga mutanen da aka yi wa aikin lafiya lau, ba a ga huji ba, ba su da ciwo, ba su da zazzaɓi, sai suka tarar da 'yan ɗige-ɗigen iska a wajen tumbi ga kusan mutum ɗaya cikin uku. Dalili kuwa mai sauƙi ne ga wanda ya san ƙirar bangon: an sirantar da shi, an kuma hura shi, iska ta tsiyaya ta tsakanin zaren tsoka kamar yadda ruwa ke naso ta jikin sabon tulu ba tare da tulun ya fashe ba. Mutanen nan sun ci gaba da cin abinci, an sallame su, jiki ya shanye iskar da kansa. Da za a miƙa hoton ɗaya daga cikinsu ga likitan da bai san abin da aka yi masa ba, yana da hujjar da zai ce a tsaga ciki. Ke nan mutumin da ya kashe dukiya domin guje wa tsaga zai sha ta a banza.

Hasali ma, hujin gaske da ya auku a lokacin aiki ba kullum yake kai mutum ɗakin tiyata ba. Wani rahoto daga cibiyar nan ta Tokiyo a 2006 ya nuna cewa cikin mutum 2,460 da aka yi wa aikin, tumbin 121 ya huje, kuma daga cikin 117 da aka yi ƙoƙarin rufe hujinsu nan take da 'yan ƙananan maƙalai na ƙarfe, an yi nasara a kan 115. Tumbin babu abinci a cikinsa, an ga hujin da ido, an tsuke shi, an ba da maganin ƙwayoyin cuta. Hoton irin wannan mai jinya zai nuna iska jingim, da 'yan ƙarafuna masu sheƙi a jikin tumbi, amma shi yana samun sauƙi. Asibitoci da yawa yanzu suna hura iskar kabon dayokzaid a maimakon iskar da ake shaƙa, saboda jini na shanye ta da sauri ƙwarai, huhu ya fitar. Saboda haka sanin irin iskar da aka hura ma yana canza fassarar hoto: iska mai yawa kwana biyu bayan an yi amfani da kabon dayokzaid ta fi tayar da hankali.

Wanda ake tsoro da gaske shi ne hujin da ke zuwa daga baya. Wutar lantarkin da aka tsayar da jini da ita kan ƙona tsoka, wurin ya mutu a hankali, bayan kwana ɗaya ko biyu ya ɓule. Ba ya yawan faruwa, bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, amma idan ya faru sau da yawa sai an yi tiyatar gaggawa, domin a lokacin mai yiwuwa an fara ba mai jinya ruwa ko kunu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A hoton siti-sikan za a ga iska, amma ba ita kaɗai ba: za a ga ruwa ya taru a kewayen tumbi ko saifa, kitsen da ke wurin ya yi dishi-dishi saboda kumburi, wani lokaci ma a hango giɓin kansa a bango. A gefen gado kuwa mutum ne da ciwo ya turnuƙe farat ɗaya, ciki ya ƙage kamar katako, zuciya na bugu da sauri, jiki ya yi zafi, wani har ya ji ciwon a kafaɗa. A ɗauka ga mutum biyu, hotunansu duka da iska a ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya yana zaune yana tambayar yaushe za a kawo masa koko, ɗaya kuwa ko numfashi mai zurfi ba ya iyawa. Babu na'urar da za ta raba su kamar hannun da aka ɗora a ciki da kunnen da ya saurari bayani. A nan ne kuma ya kamata a tuna cewa idan ana zargin huji ba a ba mutum farin ruwan bariyom ya sha domin hoto, saboda idan ya zuba cikin kogon ciki yana haddasa mummunan kumburi. Akwai wani ruwan daban, mai narkewa, da ake amfani da shi.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, kuma shi ya fi kusa da jama'ar gari. Hoto na iya fitowa tas alhali mutum na cikin haɗari. Matsalar da ta fi yawa bayan wannan aiki ita ce zubar jini daga gyambon, wadda kan sami kimanin mutum biyar cikin ɗari, galibi a kwanakin farko, amma tana iya jinkiri har mako biyu. Eksire ba ya ganin jini a cikin tumbi. Sikanin da mata masu juna biyu suka saba da shi, wanda mutane da yawa kan je su biya a yi musu ba tare da takardar likita ba, da sauti yake aiki, sauti kuwa ba ya ratsa iska, tumbi da hanji kuma gidan iska ne. Sai a ba mutum takarda cewa hanta lafiya, ƙoda lafiya, ya koma gida da kwanciyar hankali, alhali bayan-gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, idan ya miƙe jiri na ɗibarsa. Wannan ba mai neman hoto ba ne, mai neman gwajin jini ne da sake zura endoskof, wanda zai ga jijiyar ya kuma tsuke ta a zama ɗaya. Abin takaici, a daidai wannan lokaci ne wani ɗan'uwa mai kyakkyawar niyya zai leƙa kemis ya sayo asfirin ko ibufurofen ko daikulofenak domin ciwon jiki, waɗanda su ne manyan abokan gābar gyambo.

Akwai wasu abubuwa biyu da kan kawo zazzaɓi ba tare da huji ba. Ana kwantar da mai jinya ne a ɓangaren hagu, cikin magagin allurar barci, wani lokaci fiye da awa guda, yawu ko ruwan ciki na iya sulalewa cikin huhu, shi ya sa nimoniyar da ke biyo baya ta fi bayyana a huhun hagu. Sannan ƙunar lantarki kaɗai na iya sa bango ya kumbura, a ji ciwo da zafin jiki na 'yan kwanaki. A irin wannan ruɗani ne siti-sikan ke biyan kuɗinsa. Amma ɗaukarsa ga kowa da kowa bayan aiki ɓarna ce: yana da tsada, hasken da jiki ke sha a hoton ciki guda ya ninka na eksiren ƙirji sau da dama ƙwarai, kuma kamar yadda aka gani, yana tono iskar da ba ta da laifi.

Bayan makonni, hoton na iya sake yaudara. Wurin gyambon kan yi kauri saboda kumburi da tabo, mai karanta hoto ya rubuta cewa yana zargin ƙari, gida ya rikice da kuka. Alhali hukuncin ko an cire sankarar duka ba a hannun siti-sikan yake ba. Yana hannun masanin da ya shimfiɗa naman da aka ciro, ya yanka shi siri-siri, ya duba gefunansa da zurfinsa a madubin ƙara girma. Idan kuma an feɗe fiye da kashi uku cikin huɗu na kewayen mashigar tumbi ko mafitarsa, tabo na iya tsuke ƙofar, mutum ya dinga amai bayan cin abinci, hoto ya nuna tumbi ya cika ya kumbura. Wannan ana buɗa shi da balan-balan ta endoskof.

Abin da duk wannan ke nunawa shi ne, takardar bayanin aiki tana da daraja daidai da hoton kansa. Bai kamata wani asibiti, a gida ko a waje, ya sallami irin wannan mai jinya ba tare da rubuta ranar aiki, da ɓangaren tumbin da aka taɓa, da faɗin gyambon, da irin iskar da aka hura, da ko an samu huji an rufe, da adadin maƙalan da aka bari ba, haɗe da sakamakon gwajin naman. Bai kuma kamata mai ɗaukar hoto a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya karɓi takardar da aka rubuta ciwon ciki kawai a kanta ya yi shiru ba. Tambaya ɗaya, wato ko an yi wa mutumin wani aiki kwanan nan, tana iya juya rahotonsa gaba ɗaya. Su kuwa masu rakiya, gaggawar dawowa gida saboda kuɗin otal ba dabara ba ce. Matsin iska a cikin jirgin sama daidai yake da na kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, iskar da ta maƙale a jiki kan ƙara girma da kusan kwata, kuma wanda jini ya ɓalle masa a sararin samaniya tsakanin Alƙahira da Kano ba shi da mataimaki. Likitan da ya yi aikin shi ya kamata ya sa ranar tafiya, ba mai sayar da tikiti ba.

Wani zai ce wannan duk zancen masu kuɗi ne, tunda a nan akasarin masu sankarar tumbi sai ta ci ƙarfinsu suke isa asibiti, lokacin da babu sauran batun fiɗa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ita ce babbar illar. Jafan da Koriya ta Kudu suna samun fiye da rabin masu cutar tun tana matakin farko saboda suna tantance jama'a. Koriya na gayyatar duk wanda ya kai shekara 40 duk bayan shekara biyu. A nan kuwa kowane zafin ƙirji sunansa olsa, kuma ana iya shekara biyar ana shan farin ruwan kemis ba a leƙa ba. Ƙwayar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya a 1982, wadda kuma hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya cikin masu haddasa sankara a 1994, ta yi katutu a Arewa. Binciken da aka yi a asibitin koyarwa na Kano, aka buga a 2018, ya same ta a jikin fiye da kashi 80 cikin 100 na masu ciwon ciki da aka gwada. Tun a 1992, daga aikin da ya yi a Maiduguri, Holcombe ya yi mamakin yadda ƙwayar ta yi yawa a Afirka amma sankarar ta yi ƙaranci, sai dai masana da dama daga baya sun nuna cewa ƙarancin leƙawa da ƙarancin rubuta alƙaluma na da hannu a wannan mamaki. Idan leƙen ya yawaita, kuma ya kamata ya yawaita ga duk wanda ya haura shekara 45 yana rama ko aman jini ko ƙoshi da loma kaɗan, za a fara samun ƙananan ƙari, buƙatar fiɗar kuma za ta zo har ƙofar gida.

Shi ya sa hukumomin asibitoci da masu ba da gudummawa suke buƙatar sake tsarin lissafinsu. Wuƙar lantarki da sabon endoskof su ne masu kyau a hoton bikin buɗewa, amma su ne mafi sauƙin samu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Asibitin da zai fara wannan aiki sai ya tabbata siti-sikan ɗinsa na tashi da ƙarfe biyun dare ko da an ɗauke wuta, akwai mai karanta hoton da ya taɓa ganin gyambon fiɗa ya san kamanninsa a rana ta farko da ta talatin, akwai jini a ma'ajiya, akwai likitan tiyata da za a kira ya iso cikin rabin awa, akwai kuma maƙalan ƙarfe a cikin aljihun tebur tun kafin a fara yanka. Ya kuma kamata likitan endoskof da mai karanta hoto da likitan tiyata su riƙa zama tebur guda duk mako suna duba hotunan da suka wuce tare da labarin masu su, a gayyaci har da ma'aikatan ɗakunan hoto masu zaman kansu na kan Titin Zariya, tunda wajensu mai ciwon tsakar dare daga Unguwa Uku zai fara tsayawa.